Yadda muka shirya tafiyar hutu zuwa Zanzibar daga Kano

Tun da muka dawo daga Zanzibar a watan Agustan 2025, 'yan uwa da abokan aiki suke yi mini tambayoyi kusan iri ɗaya: wa ya shirya muku, nawa kuka kashe, kuma da gaske ne ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza? Amsar ba ta yiwuwa a tsaitsaye, shi ya sa na zauna na rubuta ta daki-daki yadda abin ya gudana. Abin da muka saya, ni da maigidana, shi ne abin da kamfanonin tafiye-tafiye ke kira fakej, wato a dunƙule maka tikitin jirgi da masauki da abinci da motar ɗauka a farashi guda. Tsarin yana da sauƙi, ni ma zan sake bin sa. Sai dai duk abin da ba a rubuta a takardar kamfani ba, to ba ya cikin dunƙulen, komai daɗin bakin wanda ya sayar maka.

Tun kafin azumi muka fara maganar. Maigidana Maldibis ya so, amma da muka ga farashi muka haƙura. Zanzibar ta kwanta mini a rai saboda a Afirka take, yanki ce ta Tanzaniya mai gwamnatin kanta tun haɗewar da aka yi da Tanganyika a 1964, kuma mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Ba na son hutun da zan riƙa tambaya a kan kowace loma ko halal ce, ko mu rasa inda za mu ji kiran salla. Kuɗin kuma ba rana ɗaya aka same shi ba. Na ɗebi adashina, shi kuma ya ware wani abu daga cinikin shago.

Abu na farko da muka tsayar shi ne lokaci. Farashin da ya fi araha a tallace-tallace na watannin Afrilu da Mayu ne, kuma dalilinsa ruwan sama. Daga Maris zuwa Mayu ake babbar damina a can, ana kuma yin wata gajera wajen Nuwamba. Tsibirin yana kudu da tsakiyar duniya, don haka daga Yuni zuwa Oktoba ne lokacin da sama take wasai, zafi ya yi sauƙi, iska na kaɗawa. Wannan ya yi daidai da dogon hutun makaranta, lokacin da za mu iya barin yara wurin kakarsu. Amma kuma shi ne lokacin da Turawa ke cika otal-otal, farashi ya hau. Muka yarda mu biya tsadar, don ban ga amfanin zuwa bakin teku a zauna a ɗaki ana kallon ruwa na zuba ba.

Bayan ƙaramar salla na fara zaga ofisoshin ejan-ejan. Yawancinsu a nan Kano aikin Umra da Dubai da Alƙahira suka fi sabawa da shi, Zanzibar sabon layi ce a wurinsu. Ofishin farko da na shiga, tallarsu na gani a Instagram da hoton ruwa shuɗi da farashin da ya ba ni sha'awa. Da na zauna muka fara bin sa ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi farashin na mutum ɗaya ne, jirgin daga Legas zai tashi, abincin kuma karin kumallo ne kawai. Da na tambayi biza, saurayin da ke kan tebur ya ce, "Hajiya, wannan ba matsala ba ce, kina sauka za a buga miki. Ki dai ba da kafin alƙalami yau mu riƙe miki kujera." Na ce sai na yi shawara da maigida.

Daren nan na buɗe shafin hukumar shige da fice ta Tanzaniya a intanet, abin da na gani ya sa gwiwata ta yi sanyi. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da ba a ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi. Dole sai an nema tun daga gida, an tura takardun ga manyan hukumar sun duba sun amince. Shafin ya shawarci masu irin wannan fasfo su nema aƙalla wata biyu kafin tafiya, kuma kada su biya kuɗin tikiti ko masauki sai amincewa ta fito. Na san akwai masu cewa su sun je an buga musu a can, ban kuma ƙaryata kowa ba. Amma ba zan ɗora miliyoyin naira a kan wai-wai ba alhali ga abin da masu ƙasa suka rubuta da hannunsu.

Wata abokiyar aikina ce ta haɗa ni da kamfanin da muka ƙare da shi. Mai kamfanin dattijo ne, ya daɗe a harkar Umra, kuma tun kafin in ɗauko maganar biza shi ya fara kawo ta. Ya ce, "Hajiya, kada ki ba ni kuɗin jirgi yanzu. Mu nemi biza tukuna. Idan ta fito mu yanki tikiti, idan ba ta fito ba asararku kaɗan ce." Wannan maganar ita ta sa na yarda da shi. Duk da haka na nemi ganin takardar rajistar kamfanin da shaidar zamansa ɗan ƙungiyar masu kamfanonin tafiye-tafiye ta Najeriya, NANTA, ya kuma nuna mini ba tare da ya ɓata rai ba. Na roƙe shi ya rubuta mini a takarda mai ɗauke da sunan kamfani abin da ke cikin farashin da abin da ba ya ciki, da sunan otal ɗin, da irin ɗakin, da abin da za a mayar mana idan tafiya ta fasu. Ba na son cinikin biri a sama. Ya yi dariya ya ce ba kowa ke neman haka ba, amma ya rubuta.

A takardar ne na ci karo da wasu haruffa da ke gaban kowane farashi, waɗanda ya kamata duk mai niyyar irin wannan tafiya ya san su. BB na nufin kwana da karin kumallo. HB karin kumallo da abincin dare. FB abinci sau uku. AI kuma komai da komai, har da abin sha duk yini. Mutane da yawa AI suke ruguwa su ɗauka don kalmar komai tana da daɗin ji. Amma babban abin da ke ɗaga farashinsa giya ce, mu kuwa ba ma sha, to don me za mu biya wa wasu? Ga shi kuma da rana yawanci muna waje wurin yawo. HB muka zaɓa, kuma bambancin kuɗin ya ishe mu cin abincin rana a gari har da ragi. Abin lura ɗaya shi ne, a wannan tsarin abin sha na lokacin cin abincin dare, har ruwan roba, a otal ɗinmu daban ake lissafa shi.

Zaɓen ɓangaren tsibirin da za a sauka ya fi zaɓen otal muhimmanci, kuma wannan hoto ba zai gaya maka ba. Babban tsibirin sunansa Unguja, shi ne wanda ake nufi idan an ce Zanzibar, ɗayan kuma Pemba. A gabashin Unguja, wuraren Paje da Jambiani, teku kan janye ta yi nisa sosai sau biyu a kwana da yini, ta bar fili fetal inda mata ke noman ciyawar teku. Wurin yana da kyau da natsuwa, amma mai son shiga ruwa sai ya jira lokacin dawowarsa. A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwan ba ya guduwa haka, ana iya wanka kowane lokaci, ga kuma kallon faɗuwar rana, sai dai cinkoso da kiɗa sun fi yawa. Mun ɗauki arewa, amma a otal da ke ɗan gefe da hayaniya. Na yi marmarin ɗaki mai wurin ninƙaya na kansa saboda sutura, farashinsa ya kusan ninka na sauran, na haƙura. Maimakon haka na aika wa otal ɗin imel na tambaye su ko mace za ta iya shiga ruwa da doguwar rigar ninƙaya mai rufe jiki, suka amsa cewa baƙinsu da yawa haka suke yi.

Daga nan sai fasfo. Tanzaniya na buƙatar ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare, na maigidana kuwa ya kusa mutuwa. Muka cike fom a intanet, muka biya naira 50,000 na mai shafi 32 na shekara biyar. Wannan farashin lokacin ne, daga 1 ga Satumban 2025 ya koma naira 100,000. Abin da ya ɗan tsayar da mu shi ne rubutun suna: a tsohon fasfo an rubuta shi da wani salo, a rajistar katin ɗan ƙasa kuma da wani, bambancin harafi biyu kacal. Yanzu sai bayanan sun yi daidai da na lambar NIN kafin aiki ya wuce. Sai da ya je aka gyara, sannan aka ba shi ranar ɗaukar hoto da zanen yatsu. Ya tafi tun da sassafe, bai dawo ba sai bayan azahar, saboda yawan jama'a ga kuma maniyyata. Fasfon ya fito bayan 'yan makonni. Duk mai shirin tafiya ya ɗauko fasfonsa da takardar NIN ya jera su ya karanta harafi-harafi tun yau.

A watan Mayu muka cike neman biza, a ofishin dattijon, ina zaune kusa da yaron da ke bugawa ina duba kowane layi. An ɗora hoton fuska, da shafin farko na fasfo, da takardar otal mai nuna an ajiye mana ɗaki, da takardar riƙon kujerar jirgi ta zuwa da dawowa wadda ba a kai ga biya ba. Kuɗin biza dala 50 ne kowane mutum. A lokacin katin naira ba ya biyan kuɗi a waje, sai da katin dala na kamfanin aka biya muka ba su naira. Aka ba mu lambar da za mu riƙa duba inda takardunmu suka kwana.

Jiran nan shi ne mafi wuya a duk shirin. Kullum bayan sallar asuba sai na buɗe shafin, kullum amsa ɗaya, ana dubawa. Riƙon kujerar jirgi kuma ba ya daɗewa, yakan faɗi a sake kamawa, kuma kowane sabon kamu da ɗan ƙarin kuɗi saboda lokacin hutu na matsowa. Har na fara tunanin ko mu yanki tikitin kawai mu dogara ga Allah. Maigidana ya ce, "Ki yi haƙuri. Ƙarin da ake yi mana dubbai ne, abin da za mu rasa idan aka hana mu miliyoyi ne." Aka yi babbar salla ba labari. Bayan salla da 'yan kwanaki, ina wurin aiki, imel ya shigo da takardar amincewa, tawa da tasa a rana ɗaya. Sama da wata guda ke nan da nema. Na kira shi muryata na rawa, ya ce alhamdu lillahi, a sanar da Alhaji ya yanki tikiti.

Kuɗin dunƙulen mu biyu ya ɗan haura naira miliyan biyar, a lokacin da dala take wajen naira 1,500 da ɗoriya. Ya ƙunshi jirgi daga Kano ta Adis Ababa zuwa da dawowa, da masaukin kusan mako guda, da motar ɗauka da mayarwa filin jirgi, da yawon yini ɗaya. A asusun kamfani na tura, ba na wani ma'aikaci ba, na karɓi rasit. Da tikiti ya fito na ɗauki lambarsa na shiga shafin kamfanin jirgin da kaina na ga sunayenmu da nauyin kayan da aka yarda mana. Na sake rubuta wa otal ɗin na tambaya ko an biya, suka ce an biya. Ba rashin yarda da dattijon ba ne. Hankalina ne ba zai kwanta ba sai na ji daga bakin masu ɗakin.

Saura takardu biyu da ba sa cikin farashin. Na farko katin allurar rigakafin cutar shawara, wanda ake tambayar duk wanda ya fito daga ƙasa irin tamu. Ana yin rajista a intanet, a biya ta Remita, a buga rasit, a kai ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa da ke filin jirgin Malam Aminu Kano tare da fasfo. Ban daɗe ba aka yi mini allurar aka ba ni katin. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, don haka ba abin da za a bari sai jajibirin tafiya ba ne, amma sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Na biyu inshora. Tun 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta, dala 44 kowane babba, tana aiki har kwana 92. Ko kana da wata inshorar daga gida ba ta wadatar ba. A intanet ake saya, a turo takarda mai tambarin da ake haskawa da na'ura. Akwai shafukan bogi masu kama da na gaskiya, don haka muka bi adireshin da otal ɗin ya turo mana.

Kuɗin kashewa a Wapa maigidana ya canzo. Ya nemi sababbin takardun dala, domin a can ba sa son tsofaffin bugu, musamman na kafin 2009, ko wadda ta yage ko aka yi rubutu a kanta. Na kuma cire duk ledojin da na saba naɗe takalma da su, saboda Tanzaniya ta haramta jakar leda tun 2019.

Ranar tafiya, tun a Kano ma'aikatan jirgi suka nemi takardar biza da katin shawara da tikitin dawowa kafin su karɓi kaya. A nan na gode wa Allah da ban bi maganar saurayin nan ba. Duk takardun na buga su a takarda na sa a jaka ɗaya, ban dogara da waya ba. Muka yi jiran awoyi a Adis Ababa, filin akwai sanyi da dare, ga wurin salla. Mun sauka a filin jirgin Abeid Amani Karume gari bai waye ba. Aka duba katin shawara da inshora, jami'in shige da fice ya tambayi inda za mu sauka da ranar komawa, ya ɗauki zanen yatsu ya buga hatimi. Muka canza dala kaɗan zuwa shilin ɗin Tanzaniya, muka gyara agogo domin sun riga mu da awa biyu. Direba na tsaye a waje da allo mai sunanmu. Zuwa Nungwi tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce.

A teburin karɓar baƙi abubuwa biyu suka taso. Ɗaki ba a ba da shi sai ƙarfe biyu na rana, mu kuwa da hantsi muka iso, a gajiye. Suka ajiye mana kaya, suka ba mu wurin wanka da shayi, kafin azahar aka samu ɗakin da aka gama gyarawa. Wanda jirginsa zai sauka da asuba ya yi wannan maganar da ejan tun a gida. Na biyu harajin gwamnati da ake karɓa a otal, dala 5 kowane mutum kowane dare a irin namu a lokacin. Wannan yana cikin abin da dattijon ya rubuta mana cewa ba ya ciki, don haka da kuɗinmu a ware muka zo. Da muka shiga ɗaki maigidana ya shimfiɗa darduma ya fuskanci gabas yadda muka saba, sai na hango alamar alƙibla a rufin ɗakin tana nuna wani wajen. Zanzibar tana kudu da Makka kusan a miƙe, don haka arewa ake fuskanta.

Yawon da ke cikin dunƙulen ya kai mu gonar kayan ƙamshi, inda na ga bishiyar kanumfari da kirfa a tsaye karo na farko, abubuwan da na girma ina gani a busashe a Kurmi. Daga nan sai tsohon birni, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Lunguna ne ƙanana da ƙofofin katako masu sassaƙa, da masallatai kusa da kusa, da alamun zamanin da sarakunan Oman suka mulki tsibirin. Mun shiga inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, wurin da aka gina cocin Angilika a kansa. Na sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, na fito ban iya magana ba na ɗan lokaci. Duk wanda ya je kada ya tsallake wurin don yana hutu. A cikin gari ana so baƙi su rufe kafaɗa da gwiwa, mu wannan bai shafe mu ba, hasali ma da mayafina sai aka riƙa yi mini Suwahili ana zaton 'yar gari ce. Da magariba muka ci abinci a dandalin Forodhani, muka sha ruwan rake da citta.

Sauran yawon duk daga aljihunmu ne: kwale-kwale zuwa tsibirin Changuu wurin manyan kunkuru, da kuɗin shiga, da ɗan ihsani ga direba da mai yi mana jagora. A bakin teku samari za su yi ta zuwa da tayin yawo mai araha. Wasunsu na kirki ne, amma idan za a shiga ruwa na fi son wanda otal ya sani, kuma ban taka jirgin da babu rigar ceto ba.

Da na zauna na haɗa lissafi bayan mun dawo, abin da muka kashe a wajen dunƙulen, wato fasfo da biza da inshora da allura da haraji da abincin rana da yawo da tsaraba, ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin dunƙulen kansa. Wanda ya tara daidai farashin talla kawai zai sha wuya. A jerin aiki kuma, da za a tambaye ni, fasfo ne farko, sai biza, sai tikiti da otal, sai allura da inshora, kuma a fara aƙalla wata huɗu kafin ranar da ake so. Dokokin biza da haraji suna canzawa, don haka a sake duba shafin hukumar Tanzaniya a ranar da za a fara, kada a tsaya kan abin da na gani a 2025. 'Yan uwanmu masu fasfon Nijar da Chadi, a lokacin da na duba, suna cikin jeri ɗaya da mu, su ma sai sun nemi amincewa tun daga gida. Mai fasfon Ghana kuwa ba ya buƙatar biza, amma inshorar dala 44 da katin shawara suna kansa kamar kowa.